Rahmin Yana Bayan Katanga

Ranar da Rahmin zai tashi zuwa Amurka da iyalinsa, mun raka shi makabarta ya yi wa mahaifinsa bankwana. Na ce makabarta, amma bakin makabarta ya kamata in ce, domin Rahmin bai shiga ba. Gidansu Kohen ne, wato zuriyar Annabi Haruna a cikinmu Yahudawa, kuma namijin Kohen ba ya taka inda gawa take. Ko inuwar bishiyar da reshenta ya rufe kabari ba ya tsayawa a ƙarƙashinta. Shi ya sa tun kakanni a nan Samarkand ake binne mutanen irin gidajensu a jikin katanga, don 'ya'yansu su iya leƙowa daga titi.

To haka aka yi. Rahmin ya tsaya a titi cikin sabon kwat, ya kauce wa inuwar bishiyar tut da ta leƙo ta kan katanga, ya ɗaga dunduniya yana leƙe. Yayarsa Bahmal tana ciki da bokiti da tsumma, a gaban kabarin ubansu Mullo Nisim.

"Apa!" ya ƙwala mata kira, yadda ake kiran yaya mace a wajenmu. "Ki gaya wa Baba mun tafi!"

"Gaya masa da kanka," in ji ta. "Ƙafa aka hana ka, ba baki ba."

"To ki ɗora masa tsakuwa a madadina."

Ta sunkuya ta ɗauki tsakuwa ta ɗora. Matar Rahmin, Mazol, ta matso kusa da ni tana gyara ɗankwali.

"Husni, kada ki ga kamar mun bar ta," ta ce da ni ƙasa-ƙasa. "Takardunta ne ba su fito ba. Su can mata da 'ya'ya suka sani, ba su san yaya ba. Kafin Idin Ƙetarewa za mu aiko ta zo. Kuma ko da sun fito, wa zai kula da Baba? Rahmin dai kin ga ba ya shiga."

Ban tambaye ta ba, ita ce ta fara. Na ce Allah ya kai su lafiya.

Bahmal ta fito, ta wanke hannu a famfon bakin ƙofa kamar yadda ake yi, ta tsaya gaban ƙaninta. Ita ta goye shi tun da uwarsu ta rasu yana jariri. Ita ta goye 'ya'yansa kuma. Ta gyara masa wuyan kwat, ta ce, "Ka je lafiya, Rahmin-jon. Amma ka sani akwai rana ɗaya da za ka shigo nan ko kana so ko ba ka so."

"Wace rana?"

"Kai da ake fara kira gaban Attaura, ni za ka tambaya? An ce Kohen ya shiga saboda uwarsa, da ubansa, da ɗansa, da 'yarsa, da ɗan'uwansa, da 'yar'uwarsa wadda ba ta yi aure ba. Da Baba ya kori mai nemana ya ce wa zai riƙe Rahmin, kai ma ka girma ka ce wa zai riƙe yara. To ga ladana. Kai za ka ɗauki makarata."

"Kai Apa, bakinki! Ranar tafiya kike wannan magana?" Ya yi dariya, ya bugi kafaɗarsa. "Da wannan kafaɗar zan ɗauke ki, nan da shekara ɗari."

"Ga wurina can kusa da Baba, a jikin katanga. In yaranka sun zo su leƙo su gaishe ni."

Muka yi dariya dukanmu. Ita ma ta yi.

Gidan da aka haife su Rahmin ya sayar kafin ya tafi, da inabin tsakar gida da tanderun gurasa da komai. Ya bar wa Bahmal ɗakin bakin ƙofa, wanda da can gawayi da tulunan tsami ake ajiyewa a ciki. Ya ce ai na ɗan lokaci ne. Mutanen da suka saya Uzbek ne, mutanen kirki, uwargidan takan miƙo mata gurasa mai zafi. Amma Bahmal ta koma baƙuwa a gidan ubanta. In za ta shanya kaya sai ta nemi izini.

Idin Ƙetarewa ya zo ya wuce. Wani ya zo, shi ma ya wuce.

A shekarun nan unguwarmu zubewa take kamar rumman da ya nuna ya fashe. Wannan gida Isra'ila, wancan New York, wancan Jamus. Ni da mijina Yuno wanzami muka tsaya, don ya ce shi almakashinsa ba ya jin Turanci. Duk wanda zai tafi kuwa, sai ya biya ta ɗakin Bahmal da ɗan kwalin shayi ko yadin riga.

"Bahmal-jon, tunda kina hawa wajen Mullo Nisim, ki ɗan duba mana Mama. Ruwa kawai za ki watsa."

"Tunda kina nan, ga kakanmu can sama, ciyawa ta ci shi."

"Allah ya bar mana ke. Ke ce idonmu."

Ba ta taɓa cewa a'a ba. Da ɗaya ta fara. Kafin a ankara rabin tudun nan yana wuyanta. Mu da muka rage ma, in gwiwa ta yi ciwo, sai mu ce ai Bahmal za ta hau.

Makabartarmu a gefen tudu take, kuma famfo ɗaya ne, a ƙasa wajen ƙofa. Duk wanda zai wanke kabarin sama sai ya hau da ruwansa. Wani lokaci nakan bi ta in riƙe mata tsintsiya. Mukan fara daga ƙasa, wajen na zamanin Soviet, inda wasu kaburburan babu kowa a ciki sai suna, na samarin da suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Daga nan mu hau wajen attajiran zamanin sarkin Rasha, masu farin marmara da rubutu har ƙasa, waɗanda suka yi arziki da auduga da rini. Can ƙololuwa kuma sai tsofaffin farko. Su ba su da marmara, ba su da suna. Tudun bulo ne kawai da ɗan dutse a kai, na mutanen da aka binne tun lokacin da Bayahude igiya yake ɗaurawa a ƙugu, kuma ba ya hawa doki a cikin gari. Ba wanda ya ba Bahmal amanar waɗannan, don ba su da kowa. Amma in ruwa ya ragu a bokiti sai ta juye musu.

"Su ma sun ji ƙishi," takan ce. "'Ya'yansu ma ƙila Amurka suka tafi."

Tsakanin kaburburan ƙasa akwai filaye da aka kewaye da ƙarfe aka sa kwaɗo. Na waɗanda suka tanadi wurin kwanciya ne, sannan suka shiga jirgi. Ciyawa ce ke kwance a ciki.

A gidanmu waya take, don haka nan Rahmin yake kira, ranar Lahadi. Muryarsa da ƙarfi, ko ina madafa ina ji.

"Apa, yaya Baba?"

"Yana nan inda ka bar shi. Ni kuma ina gaishe ka."

"Haba Apa, ke ai na ji muryarki garau. An cire ciyawar?"

"An cire. Rahmin, batun takardun fa?"

"Ana kai. Lauya yana kai. Ke ba ki san ƙasar nan ba, komai layi ne."

Wani makon kuma ya ce gidan da suke ciki hawa na biyar ne, gwiwarta ba za ta iya ba. Bahmal ta kalle ni ta kalli bokitinta da ke bakin ƙofa. Wani makon ya ce sanyin can kashe tsofaffi yake. Wani makon Mazol ta karɓi wayar ta ce, "Apa, wallahi ke kika ji daɗi. Mu nan daga aiki sai aiki, ko maƙwabci ba ka sani ba. Ke kina da iska, kina da Husni, kina kusa da Baba. Ni da zan samu da na dawo." Daga baya muka ji daga bakin masu zuwa ziyara cewa can suna gaya wa mutane Bahmal ce ta ƙi zuwa, ta ce ba ta rabuwa da kabarin ubanta. Har ana sa mata albarka a majami'arsu.

Ba zan ce ba sa aiko komai ba. Sukan aiko. Wata rana rigar sanyi mai hoton ɓera, wata rana kwalbar ƙwayoyin ƙarin jini, wata rana hoton bikin babban ɗansu, wanda Bahmal ta yaye da hannunta. Ta jingina hoton a taga. Ba wanda ya gaya mata ranar bikin sai da aka gama.

Hunturu ne ya fara cin ta. Ɗakin nan bangonsa na tsotsar ruwa, ga gas ana ɗaukewa. Ranar Asabar ba a kunna wuta, to in wutar ta mutu tun Juma'a da dare haka Bahmal za ta zauna cikin bargo har taurari su fito, Asabar ta fita. Na ce ta dawo gidanmu, ta ce in Rahmin ya ji za a ce ya yar da ita a titi. Kunyarsa take ji masa. Tari ya kama ta, irin mai fitowa daga ƙasan ƙirji. Yatsunta suka kumbura suka tsage saboda ruwan sanyi. Da rana ta ɗan leƙo kuma sai ka gan ta ta ɗauki bokiti, don wani ya kira daga Isra'ila ya ce ranar tunawa da uwarsa ta zo, a kunna mata fitila.

Sai ga Rahmin ya zo da kansa, wata shekara lokacin kankana. Ya yi ƙiba, ya yi fari, da kyamara a wuya. Bahmal ta kwana biyu tana girki a madafata. Ta yi masa koriyar shinkafa da ganye da hanta irin wadda yake so tun yana yaro, ta soya kifi da tafarnuwa. Ta ɗaure 'yan kayanta cikin zane ta tura ƙarƙashin gado, ba ta gaya wa kowa ba, ni ce na gani.

Ashe dutse ya kawo shi. A lokacin yayi ya shigo, duk wanda ya samu a can sai ya aiko a yi wa iyayensa baƙin dutse mai sheƙi da hotonsu a jiki. Gidan wane sun yi, gidan wane sun yi wanda ya fi shi tsawo. Rahmin ya ce ba za a ce uban Kohen yana kwance ƙarƙashin siminti ba.

Ranar aikin ya sa aka jingina tsani a katanga ta waje, nesa da inuwar tut, ya hau yana ba magina umarni. Ni da Bahmal muna ciki. Suka ja igiya suka buga turaku, za su zuba dandamali da benci da wurin fure. Na ga Bahmal ta bi igiyar da ido. Igiyar ta zagaye kabarin Mullo Nisim, ta ci gaba ta haɗiye filin da ke gefensa har jikin katanga.

"Rahmin," ta ce. "Nan wurina ne."

"Me kika ce, Apa?"

"Na ce nan wurina ne. Kai ma ka sani."

"Haba! Ke da za ki zo Amurka, me za ki yi da wuri a nan? Can za a binne ki cikin ciyawa kore shar, har da mai ban ruwa." Ya juya wajen magina yana dariya. "Kun ji yayata, tana rigima da Baba kan fili!"

Magina suka yi dariya don shi ne mai aikin.

"To in haka ne, da kai zan tafi?" in ji Bahmal.

"Wannan karon dai a'a. Ke ma ki duba, sabon dutse ne, sai an riƙa goge shi kada ƙura ta ci hoton. Wa zan bar wa? Waɗannan?" Ya nuna magina da haɓa. "Ni kin san ba na shiga. Da ina shiga, wallahi da ban wahalar da ke ba."

Wannan maganar ita ce sandarsa, ko ina ya dogara da ita. Da ina shiga. Kuma gaskiya ce, ba ya shiga. Ba wanda zai ce masa ya yi ƙarya.

Aka kafa dutsen, ya fi katanga tsawo, Mullo Nisim a jiki da gemunsa da hularsa kamar zai yi magana. Rahmin ya yi walima a farfajiyar majami'a, ya yanka rago, 'yan tsirarun da muka rage muka ci muka sa albarka. Aka ce ɗa ya yi wa ubansa gata. Bahmal tana can baya tana wanke kwanuka. Da ya tafi, ta jawo ƙunshin nan daga ƙarƙashin gado ta kwance, ta mayar da komai wurinsa.

A hanyarmu ta komawa gida wata rana ta ce da ni, "Husni, kada ki tsane shi. Yaro ne mai tsoron matarsa da tsoron mutane. Amma ranar nan zai zo. Wannan ba alfarma ba ce, doka ce, kuma Rahmin ba ya wasa da doka. Zai shigo ta ƙofar nan da ƙafarsa, ya ga inda nake hawa da ruwa. Ni shi ke nan abin da nake so, ya gani."

A hunturun da ya biyo baya ta faɗi. Baƙin dutsen nan in ƙanƙara ta kwanta a dandamalinsa santsi yake kamar sabulu. Ta hau goge hoton, ƙafa ta zame, ƙugu ya karye. Mai gadi ne ya ji nishinta ya kira mutane. Asibiti suka duba suka ce ta tsufa, ba za a iya yi mata tiyata ba, a kai ta gida. Wannan karon ban tambaye ta ba, gidanmu na sa aka kawo ta.

Ranar Lahadi Rahmin ya kira, na ɗauka.

"Rahmin, yayarka ta karye. Ba ta tashi."

"Subhanalla! A ina?"

"A kan dutsenka."

Can ya ce, "Dutsen dai bai... ina nufin, ita yaya jikin nata?"

"Ka zo."

"Zan zo, Husni-apa, zan zo. Bari in ga yadda aiki zai yi."

Mako ya bi mako. Bayanta ya fara gyambo, tarin ya koma ciki, abinci sai cokali biyu ta kau da kai. Kullum da safe sai ta tambaya, "Ya kira?" In waya ta yi ƙara sai ta gyara ɗankwali kamar zai gan ta. Wasu kiran ma ba nasa ba ne. Masu kaburbura ne. Wata daga Isra'ila ta ce, "Ayya, Allah ya ba ta lafiya. To yanzu wa zai kunna wa Mama fitila?"

Ta sa na ɗauko farin yadin da ta ajiye na ɗinka mata likkafani tana kallo, har tana ce mini ɗinkin ya karkace. Da na ga ƙafafunta sun fara sanyi, na sa Yuno ya nemo lambar Rahmin muka kira da kanmu. Mazol ce ta ɗauka.

"Mazol, ki ce wa mijinki in yana son ganin yayarsa da rai ya shiga jirgi."

"Wayyo Husni, kin kira a mugun lokaci. Ranar Alhamis ce ranar tunawa da Baba, an kama zauren abinci, an gayyaci mutane, Rahmin ne zai yi jawabi. Ya za a yi ɗa ya bar ranar ubansa? Ita ma Apa ba za ta so ba. Ki san ta da ƙarfin rai, ai ta sha yin haka ta tashi."

Rahmin ya karɓa. Muryarsa na rawa, wannan ba zan ɓoye ba. "Husni-apa, da an gama zan taho. Asabar na fita zan shiga jirgi. Ki ce mata ta jira ni."

Na je na gaya mata. Ta rufe ido ta ce, "Kullum ni ce mai jira. To, zan gwada."

Ta gwada, Allah ya sani. Ta kai Alhamis. Ta kai safiyar Juma'a, rana ta fito, na ɗaga kanta na ba ta koren shayi ta kurɓa. Ta ce in buɗe ƙofa tana son jin titi. Na buɗe, na juyo, shi ke nan.

Ba a kwana da gawa har Asabar ta shiga, wannan ko yaro ya sani. Mullo Abo, dattijon da ke mana yanka da jan addu'a tunda malamai suka tafi, ya kira Rahmin da kansa. Rahmin ya yi kuka ya roƙa a jira shi zuwa Lahadi. Mullo Abo ya ce, "Ta jira ka da rai, ba zan sa ta jira ka a mace ba. Kafin rana ta faɗi za ta kwanta."

Ni da wasu mata biyu muka yi mata wanka. Ba ta da nauyi ko kaɗan, sai hannayen nan, masu kaushi kamar ɓawon bishiya. Yuno ya zaga unguwa yana ƙwanƙwasa ƙofofi kafin a haɗa maza goman da addu'a ke buƙata, har da wani da aka ɗauko daga gadon jinya.

Sai batun wuri. Jikin katanga dandamali ya cinye. Filayen ƙasa duk da kwaɗo, masu makullan suna wata duniya, ba wanda za a tambaya ranar Juma'a da rana tsaka. Mai gadi ya ce akwai gurbi can ƙololuwa, tsakanin tsofaffin farko. Can aka haƙa. Tsofaffi masu haki suka ɗauki makara suna sauke ta suna hutawa, mai gadi da maƙwabcin nan Uzbek suka sa kafaɗa. Aka hau da ita ta hanyar da take hawa da ruwa, aka wuce duk kaburburan da ta wanke, suna ta sheƙi. Aka kwantar da ita cikin marasa suna.

Rahmin ya iso ranar Litinin. Daga filin jirgi ko gida bai biya ba, sai makabarta. Aka aiko muka zo, ni da Mullo Abo. Mun same shi a bakin ƙofa, ya yaga wuyan rigarsa alamar makoki, ido ya yi ja, gemu ya tsiro. Da ya gan ni ya kama hannuna ya fashe da kuka.

"Ta ce wani abu? Ta yi fushi da ni?"

"Ta ce za ta gwada jiranka."

Ya saki hannuna ya nufi ƙofa. "Zan shiga. Mullo, ai an halatta mini. 'Yar'uwata ce, ba ta yi aure ba. An rubuta."

"An rubuta," in ji Mullo Abo. "Ranar Juma'a ba halatta maka kawai aka yi ba, wajibi ne a kanka. Ƙofar nan a buɗe take saboda kai tun safe har aka mayar da ƙasa. Da aka rufe kabari ta rufe. Yanzu ita da sauran matattu ɗaya ne a wurinka."

"Ko sau ɗaya?"

"Ni ba mai gadi ba ne, Rahmin. Ba zan riƙe ka ba. Abin da aka rubuta na gaya maka."

Ƙofar a buɗe take, ba kowa a gabanta. Ya ɗaga ƙafa har takalminsa ya kai bakin dokin ƙofa. Na tsaya ina kallon takalmin nan. Ya daɗe a haka. Sannan ya janye shi, ya koma baya, ya kauce wa inuwar tut ba tare da ya ɗaga kai ba, don jikinsa ya saba.

Gaskiyar Bahmal, Rahmin ba ya wasa da doka. Wannan dokar bai taɓa karya ta ba ko sau ɗaya. Ita kuma yayarsa ba wanda ya rubuta masa ranar da zai ɗauke ta daga ɗakin gawayi, shi ya sa ranar ba ta zo ba. Mu ma da muka cika mata bokiti da iyayenmu ba wanda ya karya wata doka. Kowa ya kunna wa mamacinsa fitila a kan lokaci, da hannun Bahmal.

"Husni-apa, ta wane gefe take?"

Na nuna masa. Ya je inda ya saba tsayawa, ya ɗaga dunduniya, ya kama katanga da hannu biyu ya leƙa. Ba abin da ke gabansa sai baƙin dutsen da ya kafa, ya tare tudun gaba ɗaya. Ya matsa dama, ya matsa hagu inda inuwar bishiya ta fara, ya tsaya.

"Ba na ganinta."

"Ba za ka gan ta ba. Tana can sama."

Ya durƙusa a titi, yana lalube cikin ƙura kamar makaho, har ya samu 'yar tsakuwa. Ya goge ta da rigarsa. Ya miƙo mini da hannu biyu, bai iya kallon fuskata ba.

"Ki ɗora mata. Don Allah."

Na so in ce masa wani abu, maganganu sun cika mini baki. Amma na ga furfura a kansa, na tuna wadda ta goye shi ta ce kada in tsane shi. Na karɓa.

Na tsaya a famfo na cika bokitinta, don yana nan inda ta bar shi. Ban taɓa ɗaukarsa cike ba sai ran nan. Kafin in kai wajen masu marmara hannuna ya mutu, na sauke na huta, na sake ɗauka, rabin ruwan ya zube a zanena. Da na kai ƙololuwa na juye abin da ya rage wa maƙwabtanta marasa suna, na zauna a gefen sabuwar ƙasa har numfashina ya dawo. Daga can ana ganin komai, har titi. Ga shi can ƙasa, ɗan ƙarami, hannu biyu a kan katanga.

Na ɗora tsakuwar.

"Bahmal," na ce, "ga saƙon ƙaninki. Ya zo. Yana waje."